Tumaki da aladu a ƙaramar gona: aikin yau da kullum da abin da ke kashe su

Tambaya: Ina da 'yar gona da ba ta wuce eka uku ba, akwai rijiya da rumfa guda. Ina so in fara kiwon tumaki kamar goma da aladu biyu ko uku. Za su iya zama wuri ɗaya? Wane aiki zan riƙa yi kullum, kuma me ya fi kashe su a hannun wanda ya fara kiwo?

Malam, gona ɗaya za ta ɗauke su, amma garke ɗaya ba zai ɗauke su ba. Ka sa a ranka tun yanzu cewa kiwo biyu za ka yi a fili guda, kowanne da ɗakinsa, da kominsa, da bokitinsa, da inda ake jibge buhunansa. Dalilin kuwa cikinsu ne ya bambanta. Tunkiya mai tuƙa ce, tumbinta cike yake da ƙwayoyin halitta masu narkar da ciyawa, don haka ciyawa da harawa su ne tushen abincinta, hatsi ƙari ne kawai. Alade kuwa ciki ɗaya gare shi irin na mutum. Zai ci ɗanyar ciyawa ya ji daɗi, amma ba za ta gina masa jiki ba, sai da hatsi da abinci mai gina jiki. Duk wanda ya ciyar da su abu guda, ɗaya zai rame, ɗayan kuma yana iya mutuwa.

Bari in fara da mutuwar, don ita ce mutane ba sa gani sai ta auku. Abincin aladu na buhu, musamman na ƙanana, ana zuba masa sinadarin jan ƙarfe da yawa, wanda ake rubuta alamarsa Cu a jikin buhun, saboda yana sa su saurin girma. A dokar Tarayyar Turai, abincin 'ya'yan aladu yana iya kai miligiram 150 a kowane kilo, na tumaki kuwa ba a yarda ya wuce 15 ba. Hantar tunkiya ba ta iya fitar da wannan sinadari, tara shi take yi. Tunkiyar da ke lasar ragowar komin alade kullum za ta yi makonni ko watanni lafiya lau, tana ci tana ƙiba. Ranar da wata wahala ta same ta, ko tafiya a mota, ko haihuwa, ko wunin yunwa, sai hantar ta saki abin da ta tara cikin jini gaba ɗaya. Jinin ya farfashe, farin ido da dasashi su koma rawaya, fitsari ya yi ja-ja-wur kamar baƙin shayi, cikin kwana ɗaya zuwa uku ta faɗi. Idan aka feɗe ta, ƙodar ta yi baƙi ƙirin. A wannan mataki magani ba ya cika yin amfani. Saboda haka gishirin lasa da za ka saya wa tumaki ya zama wanda aka rubuta na tumaki ne, ba na shanu ba, ba na aladu ba. Kashin aladun da ke cin irin wannan abinci ma yana ɗauke da sinadarin, don haka takinsu ka kai shi gonar hatsi ko lambu, kada ka watsa shi a filin da tumaki ke kiwo. Abu na biyu da ke hana haɗa su: alade yana cin nama. Idan tunkiya ta haihu a inda babban alade zai kai gare ta, zai cinye mabiyiya, yana kuma iya haɗawa da ɗan.

Shingen tumaki ba wuya, ragar waya mai tsayin mita ɗaya ta isa, muddin kare ba zai kutsa ta ƙasa ba. Na alade shi ne aiki, don shi ba ya cika tsallake, tono yake yi da hanci ya ɗaga. Ko dai ka yi katangar bulo mai tsayin mita ɗaya da ɗan ƙari, ko ka binne ƙasan ragar cikin ƙasa, ko ka ja wayar lantarki ta kiwo layi biyu, ɗaya kamar santimita 15 daga ƙasa, ɗaya kamar 30. Sakatar ƙofa ta kasance daga waje, inda hancinsa ba zai kai ba, don alade yana koyon buɗe ƙofa cikin kwanaki kaɗan. Daɓen ɗakinsa ya zama siminti mai ɗan kaushi, a karkata shi santimita 2 zuwa 3 a kowace mita zuwa magudana, magudanar kuma ta nufi ramin taki, ba wajen rijiya ko garken tumaki ba. Alade ba ƙazami ba ne kamar yadda ake faɗa. Shi da kansa yake ware wurin kwana da wurin kashi, kuma yakan zaɓi kusurwar da ta fi laima ya yi kashi. Ka sa mashayarsa a ƙasan gangaren, wurin kwanansa a sama inda ya bushe, zai raba maka ɗakin da kansa. Idan ka ga ya fara kashi a shimfiɗarsa yana birgima ciki, zafi ne ya dame shi ko ɗakin ya yi masa kaɗan. Tumaki kuma buƙatarsu busasshiyar ƙasa da iska mai ratsawa. A ba kowace tunkiya kamar murabba'in mita ɗaya da rabi, mai ɗa kuma biyu, a komi kuma kowace ta samu faɗin santimita 45, in ba haka ba manya za su ture ƙanana su cinye.

Yanzu ga zagayen safe, wanda a ganina shi ne rabin kiwon. Kafin ka taɓa buhu, ka tsaya a bakin garke minti biyar kana kallo kawai. Tunkiya mai lafiya tana tashi idan ta gan ka, ta yi miƙa, sau da yawa ta yi fitsari. Wadda ta ware gefe, kunne a saɓule, kai a ƙasa, ba ta tuƙa, ita ce abin dubawarka na yau. Tumaki suna ɓoye ciwo, ranar da ka ga alama ƙarara ciwon ya kwana biyu. Ka duba ƙasa: kashi ƙwaya-ƙwaya ne ko ya zama zawo, akwai wadda bayanta ya ɓaci, akwai mai ɗingishi. Aladu kuwa ba sa ɓoye komai. Lokacin abinci ya yi za su cika gona da kururuwa, duk wanda ya ci gaba da kwanciya alhali 'yan'uwansa suna kan komi ba shi da lafiya, babu wata tantama. Ka ajiye ma'aunin zafin jiki a aljihu. Na tunkiya yana kusa da digiri 39, na alade tsakanin 38.5 da 39.5. Wanda ya haura 40 da rabi yana kwance a inuwa zazzaɓi ne, a kira likitan dabbobi. Ka fara aiki da ƙanana da masu lafiya, ka ƙare da marar lafiya, sannan ka wanke hannu da takalmi.

Ruwa kafin abinci. Tunkiyar da ba ta shayarwa tana shan lita 4 zuwa 6 a rana, mai shayarwa ta kusa ninka haka, kuma ba ta son ruwan da kashi ya faɗa ciki, gara ta wuni da ƙishi. Alade mai tasowa yana shan lita 5 zuwa 10, uwa mai shayarwa 20 zuwa 30, a zafi fiye. Bokitin da ba a ɗaure ba alade zai kifar da shi kafin ka juya baya, don haka ka gina mashaya ta siminti ko ka sa famfon tsotso a bango, kullum ka danna shi da yatsa ka tabbatar ruwa na fita. Idan alade ya yi kwana guda ba ruwa, gishiri yana taruwa a jikinsa. In ka zo ka cika masa komi ya sha iya shansa, ƙwaƙwalwarsa tana kumbura, sai ka ga yana zagaye wuri ɗaya, yana tunkarar bango kamar makaho, yana faɗuwa yana shure-shure. Saboda haka idan aka yi yankewar ruwa, a mayar masa da shi kaɗan-kaɗan, kofi-kofi, cikin sa'o'i da yawa.

Tunkiya tana cin busasshen abinci kimanin kashi 3 cikin ɗari na nauyinta a rana. Mai kilo 40 ke nan tana buƙatar kilo 1.2. Tumakinka goma kilo 12 a rana. Idan lokacin da ciyawa ba ta fitowa ya kai kwana 150, kana buƙatar kilo 1,800, ka ƙara abin da za su tattake su ɓata, ka wuce tan biyu. Wannan lissafin shi ne ke gaya maka yawan tumakin da gonarka za ta ɗauka, ba koren da kake gani da damina ba. A sa harawa a ragaya ko abin da ya ɗaga daga ƙasa, don abin da tunkiya ta taka ba ta ci. Hatsi da dusa kuwa a shigar da su sannu a hankali, a fara da tafin hannu guda, a riƙa ƙarawa cikin kwana goma zuwa sha huɗu. Tunkiyar da ta fasa rumbu ta ƙoshi da masara, tumbinta yana yin tsami, ƙwayoyin da ke ciki su mutu, ta daina ci, ta yi zawo mai wari, tana niƙa haƙori. A cire mata hatsi gaba ɗaya, a ba ta busasshiyar ciyawa da ruwa, a nemo likita da wuri. Haka kuma kada a saki tumaki da yunwa da sassafe cikin sabon tsiro mai raɓa, musamman dangin wake. Kumburin ciki ke nan, kwiɓin hagu ya tashi kamar ganga. A ba su busasshe tukuna su rage yunwa, a sake su bayan raɓa ta ɗauke. Raguna suna da nasu haɗarin: dusa da hatsi zalla ba ganyen wake suna haifar musu da tsakuwa a mafitsara. Ka ga rago yana yunƙurin fitsari yana ɗigowa kaɗan-kaɗan, yana harbin cikinsa, gaggawa ce. Rigakafinta wadataccen ruwa, gishiri, harawa, da ɗan garin farar ƙasa ta abincin dabbobi cikin dusar.

Alade ana ciyar da shi sau biyu, safe da yamma, a lokaci guda kullum. Mace mai ciki kilo 2 zuwa 2.5 na haɗaɗɗen abinci ya ishe ta a rana. Kada ka biye wa kukanta, macen da ta yi ƙiba da yawa tana wahalar haihuwa, tana kwanta wa 'ya'ya, kuma ba ta cin abinci sosai lokacin shayarwa. Ka cike mata ciki da ganye da ciyawa. Bayan ta haihu ka riƙa ƙarawa kullum har ta kai kamar kilo 2 da ƙarin rabin kilo kan kowane ɗa, wato mai 'ya'ya takwas kilo 6. Masu tasowa suna son abinci mai sinadarin gina jiki kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari, masara zalla ba ta kai rabin abin da ya kamata ta fuskar inganci ba, sai an haɗa da waken soya ko makamancinsa. Waken soya kuma sai an gasa ko an dafa, ɗanye yana hana narkewar abinci. Ƙwayar auduga tana da guba ga alade, kada ka ba shi don ka ga manyan tumaki suna ci. Ɓawon rogo sai ya bushe sarai a rana. Abincin da ya yi hunhuna a zubar, ba na tunkiya ba ne, ba na alade ba ne. Irin aladu na zamani kamar Large White ko Landrace, idan abinci ya yi kyau, suna cin kimanin kilo 3 su ƙara kilo 1, su kai kilo 90 zuwa 100 a wata shida ko bakwai. Ka lissafa kilo 250 zuwa 300 na abinci kan kowane guda kafin ka saya. Kuɗin kiwon alade kusan duk a komi yake tafiya.

Nan ne mutum zai ce ai sai in riƙa karɓo ragowar abincin gidajen cin abinci. Ina roƙonka kada ka yi. Ragowar da nama ya taɓa ita ce babbar hanyar da annoba ke shiga garken aladu. Annobar ciwon baki da kofato da ta auka wa Birtaniya a 2001 an gano tushenta a wata gonar aladu a yankin Northumberland inda ake ba su ragowar abinci da ba a dafa ba, kuma kafin ta lafa an kashe dabbobi sama da miliyan shida, yawancinsu tumaki. Wannan ya shafe ka kai tsaye, don ciwon yana kama su duka biyun: alade yana fitar da ƙwayar cutar da yawa cikin numfashinsa, tunkiya kuma tana ɗauke da ita da alamu kaɗan, tana yaɗawa ba a sani ba. Zazzaɓin aladu na Afirka, wanda aka fara bayaninsa a Kenya a 1921, ya isa ƙasar Jojiya a 2007, ya shiga Sin a 2018, shi ma ƙwayarsa tana yin watanni cikin nama. Ba ya kama tumaki ko mutane, amma yana iya share aladunka cikin mako guda ko biyu: zazzaɓi mai zafi, kunnuwa da ciki su yi jajaja ko shuɗi, sai mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ba shi da magani. Ƙasashe da yawa sun haramta ba wa aladu irin wannan ragowa kwata-kwata. Kariyarka ita ce ƙofa: mai sayen dabbobi ya tsaya a waje, takalmin shiga ɗakin aladu daban, duk sabuwar dabba, tunkiya ko alade, ta yi mako uku zuwa huɗu a keɓe kafin ta haɗu da sauran. Kuma aladu kada su kai ga bayan gidan mutane, don ta nan suke ɗaukar ƙwan tsutsar da ke yin ƙurajen fari cikin nama, ta dawo kan mai ci.

Da rana aikin inuwa ne. Alade ba ya yin gumi da zai sanyaya shi, babba yana fara takura da zarar zafi ya wuce digiri 25 ko kusa. Ka yi masa kwatamin taɓo a inuwa, ko ka yayyafa masa ruwa a wuya da ƙasan ɗaki. Wanda zafi ya riga ya buge, yana haki baki buɗe, kada a kwara masa ruwan sanyi a gadon baya lokaci guda, a jiƙa ƙasan da yake kwance da ƙafafu da kunnuwa a hankali. Fararen aladu rana tana ƙona fatarsu, taɓon shi ne rigarsu.

Abin da ya fi kashe tumaki a wuri mai ɗumi da laima tsutsar ciki ce, musamman mai shan jini da ake kira Haemonchus, wadda ke zama a ɓangare na ƙarshe na cikin tunkiya. Mace guda tana zuba ƙwai dubu biyar zuwa dubu goma a rana. Ƙwan yana fita cikin kashi, cikin mako guda ya zama 'yar tsutsa, ta hau ciyawa, yawanci ba ta wuce santimita biyar zuwa goma daga ƙasa ba, tunkiya ta haɗiye ta. Sau da yawa ba ta sa zawo, shi ya sa ake ruɗewa. Jini take zuƙewa. Tunkiya ta riƙa zama baya a garke, haɓarta ta kumbura da ruwa, wata safiya a tsince ta ta mutu. Hanyar ganewa ita ce ido. Ka riƙe kanta a haske, ka danna fatar ido ta sama da babban yatsa, ka ja fatar ido ta ƙasa ta buɗe, ka kalli naman ciki. Ja sosai lafiya, ruwan hoda a sa ido, fari-fat tana bakin mutuwa. Akwai katin launuka biyar da aka ƙirƙiro a Afirka ta Kudu don wannan, sunansa FAMACHA. Da damina ka duba kowace tunkiya duk mako biyu, ka ba wa masu farin ido magani, da 'ya'ya da masu shayarwa da suka fara kodewa. Ban goyi bayan ɗura wa garke duka magani kowane wata ba. Yin haka yana kashe tsutsotsi masu rauni ya bar masu taurin kai su hayayyafa, cikin 'yan shekaru maganin ya zama ruwa. Ragin awo ma haka yake yi. Ka auna nauyi, in babu sikeli ka yi awon da nauyin wadda ta fi girma a rukunin, ka zuba maganin a bayan harshe. Cikin magungunan tsutsa, albendazole ba a ba wa tunkiya a watan farko na ciki, levamisole kuma ba ya yafe wuce awo. Ka raba filin kiwo gida-gida, su yi kwana uku ko huɗu a ɗaya su matsa, kada su aske ciyawa har ƙasa. A ƙasa mai zafi hutun wata guda zuwa mako shida yana rage tsutsar sosai, a ƙasa mai sanyi tana jure watanni. A nan aladu suna da ɗan amfani: yawancin tsutsar tumaki ba ta rayuwa a cikinsu, don haka filin da tumaki suka gaji da shi ana iya sakin aladu su tone shi, a shuka sabuwar ciyawa, muddin ba masu cin abincin nan mai yawan jan ƙarfe ba ne. Fadama mai ruwa kwance kuwa a kange ta, gidan tsutsar hanta ce.

Ɗingishi kada ya kwana ba a duba ba. Ka zaunar da tunkiya kan gindinta, ka buɗe tsakanin kofato. Idan ƙaya ce ko busasshen taɓo ka cire. Idan wurin ya yi jajir yana wari kamar ruɓa, ƙahon kofaton yana rabuwa da nama, ruɓewar kofato ce, tana yaɗuwa a ƙasa mai laima. A ware ta, likita ya yi allura, sauran a tsayar da su cikin ruwan da aka narka sinadarin zinc sulphate, kilo ɗaya a lita goma, sannan su tsaya a busasshen wuri. Filin da suka baro ya huta mako biyu. Yanke kofato har jini ya fito ƙara ciwo yake yi. Rigakafi biyu kuma kada su wuce ka: na cututtukan da ke kashe 'yan tumaki farat ɗaya, wanda ake maimaita wa uwa mako huɗu zuwa shida kafin haihuwa don ya bi ta dakashi, da na PPR, wato annobar tumaki da awaki, a ƙasashen da take, wanda allura ɗaya ke karewa shekara uku ko fiye. Aladu nasu ƙazuwa ce da tsutsar hanji. Mai yawan goga jiki a bango, kunne cike da ɓawo, ƙazuwa ce. Allurar ivermectin tana maganin duka biyun, kuma ana yi wa uwa mako ɗaya zuwa biyu kafin haihuwa don kada ta shafa wa 'ya'ya.

Tunkiya tana neman barbara duk kwana 17, cikinta kwana 147 ne ko kusa, wato wata biyar. Rago guda ya ishi tumakinka goma har da ninkinsu. Ka rubuta ranar da ya hau kowace, don mako shida na ƙarshe su ne masu haɗari: a cikinsu ɗan yake yin kusan kashi 70 cikin ɗari na girmansa, ya matse tumbi, uwar ba ta iya cin da yawa alhali buƙatarta ta ƙaru. Mai tagwaye da ba a ƙara wa abinci ba sai ta ware, ta daina ci, ta yi kamar ba ta gani, ta kwanta. Ka fara ƙarin hatsi da giram 200 a rana, ka kai 500 zuwa 700 dab da haihuwa gwargwadon girmanta, a raba safe da yamma. Ido ba ya gane ramar tunkiya mai gashi, sai hannu: ka shafa gadon bayanta bayan haƙarƙari, in ƙashin yana sukar tafinka ta rame.

Ranar haihuwa za ta ware, tana tonon ƙasa, tana kwanciya tana tashi. Daidai shi ne ka ga ƙafafun gaba biyu da hanci a kansu. Idan ta yi rabin awa zuwa awa guda tana yunƙuri sosai ba abin da ya ci gaba, ka wanke hannu, ka shafa mai santsi, ka duba a hankali. Kai kaɗai ba ƙafa, ko jela kaɗai, sai an gyara kafin a ja, kuma ja yana bin yunƙurinta ne, zuwa ƙasa. Da ya fito ka share masa hanci, ka tsoma cibiya cikin aidin mai ƙarfi, ka matsa kowane nono ka tabbatar ya buɗe. Dakashi shi ne ransa: mililita 50 kan kowane kilo na nauyinsa cikin sa'o'in farko, kimanin 200 kan kilo kafin kwana ya zagayo, don bayan haka hanjinsa ya daina ɗaukar kariyar da ke ciki. Ɗan da ya ƙoshi cikinsa a cike yake, in ya tashi ya yi miƙa. Wanda ya tsaya a ƙudundune, ka sa yatsa a bakinsa ka ji sanyi, yunwa da sanyi sun kama shi. In ba ya iya ɗaga kai kada ka ɗura masa madara, za ta tafi huhu. Uwa da ɗa su yi kwana biyu a ɗan keɓaɓɓen wuri su saba. Mace mai juna biyu kada ta taɓa aikin haihuwar tumaki ko mabiyiyarsu, akwai cututtukan ɓari da ke tsallakawa zuwa mutum.

Cikin macen alade lissafinsa da sauƙin riƙewa: wata uku, mako uku, kwana uku, wato kwana 114. Tana neman barbara duk kwana 21, alamar kuwa in ka danna bayanta da hannu biyu ta ƙame ba ta motsi. Mako guda kafin lokaci ka kai ta ɗakin haihuwa da aka wanke ya bushe. Ka kafa ƙarfe ko katako mai ƙarfi kewaye da bango, santimita 20 zuwa 25 daga ƙasa, haka kuma daga bango, don in ta zube ta kwanta 'ya'yan su sami mafaka. Danne 'ya'ya shi ne ya fi kashe su a kwana ukun farko. In ta fara tara ciyawa da baki kuma nono ya kawo, haihuwa ta kusa, yawanci cikin kwana guda. Suna fitowa kamar duk minti 15 zuwa 20, da kai ko da baya duk daidai ne. In an yi kusan awa tana yunƙuri ba wani, a duba. Matsalar ita ce uwa tana son sanyi, jariran kuma suna son digiri 30 zuwa 32, don an haife su ba kitse ba gashin kirki. Ka yi musu akwati a kusurwa da busasshiyar shimfiɗa da fitilar ɗumi da aka ɗaure sosai inda uwar ba za ta kai ba. In sun kwanta a baje, ɗumi ya yi. In sun hau kan juna, sanyi suke ji. Nonon alade ba shi da isasshen sinadarin ƙarfe, yana ba da kamar miligiram 1 a rana alhali ɗan yana buƙatar 7, don haka waɗanda ke kan siminti a yi musu allurar ƙarfe, miligiram 200, cikin kwana ukun farko. In ba a yi ba, a mako na biyu ko na uku za ka ga mafi girmansu sun yi fari suna haki. Daga kwana goma a fara sa musu ɗan abinci a inda uwa ba ta kaiwa. A ƙaramar gona yaye a mako shida zuwa takwas ya fi sauƙi, a ɗauke uwar a bar 'ya'yan a ɗakin da suka sani, ita kuma cikin kwana huɗu zuwa bakwai za ta sake neman namiji.

Shawarata ga shekarar farko, kada ka fara da haihuwar aladu. Ka sayi yayayyu biyu ko uku daga garke guda, don alade ɗaya tilo ba ya sakewa, ka yi kiwonsu su kai nauyi, ka koyi halinsu. Riƙe namiji saboda mace biyu asarar abinci ce. Tumaki kuma ka buɗe bakin kowace kafin ka biya: manyan haƙora biyu a gaba shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, huɗu kamar shekara biyu, shida uku, takwas huɗu. Wadda haƙoranta suka fara zubewa ka bar ta, haka wadda ka taɓa hantsarta ka ji dunƙule mai tauri.

Da yamma ka ƙirga su, ka sake duba ruwa, ka kwashe kashin aladu, ka rufe rumbun abinci da sakata. Ka ajiye littafi a rumfar, ka rubuta ranar barbara, ranar haihuwa, da duk maganin da ka bayar da awonsa. Kowane magani yana da kwanakin da aka rubuta a kwalbarsa waɗanda dole su cika kafin a yanka dabbar ko a sha nononta, ka rubuta ranar cikarsu kusa da sunan dabbar. Wadda ta mutu ba ka san dalili ba, kada a feɗe ta a garke, kada a jefa wa aladu ko karnuka. A kira likita ya gani, sannan a binne ta da zurfi, nesa da rijiya.